Daɓen Katako na Gidan Nel

"Ki gaya masa kada ya wahalar da kekensa. Ba zai shigo gidan nan ba!"

Nel ce ke magana, tana fere dankali a kicin ko ɗaga kai ba ta yi ba, wuƙar na tafiya kamar da dankalin take faɗa. 'Yarta Mirte na tsaye a bakin ƙofa da rigar aiki a jikinta. Tun safe take tuƙa jirgin fito tsakanin gaɓar nan da ta tsallake, ta gaji liƙis, ga shi kuma an tarbe ta da tsohon zance.

"Haba Mama! Gaisuwa fa kawai zai zo yi. Kofi ɗaya ya sha, ya kama gabansa."

"Kofina na mutanen Teerkade ne. Ya je can benensu ya sha nasu mai kumfa, wanda ake yi wa zanen ganye a kai."

"Wai me Jochem ya yi miki ne? Malamin makaranta ne fa! Ba shi ya zana benen ba, ba shi ya gina ba."

"Amma a ciki yake kwana!" Nel ta buga wuƙar a kan tebur. "Kin san abin da ke ƙarƙashin gadonsa? Filin da ubanki ya ƙare ƙarfinsa yana gyaran jiragen ruwa. Sun kori mutane, sun dasa gilashi, shi kuma ya nannaɗe tabarmarsa ya zo ya tare. Na rantse, muddin gidan nan nawa ne, ɗan bene ba zai taka shi ba."

Mirte ta juya ta bar kicin ɗin. Ta haye sama ta kifa kanta a kan filo, takaici ya hana hawayen ma fitowa.

Teerkade layi ne guda na gidajen jan bulo a bakin ruwa, can kudancin Rotterdam. Zamanin da jirage ke tsayawa nan, ko mai tasi ka ce ya kawo ka sai ya ɓata fuska. Warin kifi, warin kwalta, faɗan matuƙa, mu kaɗai muka iya da abinmu. Kwatsam sai masu hannu da shuni suka gano cewa ashe ruwa abin kallo ne! Ruwan da muka tashi muna jin warinsa a tufafinmu, shi ne yanzu ake ɗauka hoto ana liƙawa a allon talla. Aka rushe wurin gyaran jirage aka kafa benaye masu tsayin rashin kunya. Shagon mai kifi ya koma wurin sayar da burodin da in ka ji kuɗinsa sai ka ƙoshi. Daga ƙarshe kamfanin da ya mallaki gidajen layin ya ce su ma sun tsufa, rushe su za a yi, aka shiga watsa maƙwabta ɗaya bayan ɗaya zuwa gefen gari.

To fushin Nel yana da dalili, wannan ba wanda zai musa. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Kamfani ba shi da fuskar da za a zaga, Jochem kuwa yana da ita, har da tabarau a kai.

A jirgin fito suka haɗu da Mirte. Kullum da safe yakan turo kekensa ciki zai tsallaka makaranta, ya gaishe ta, ta amsa da kai. Gaisuwa ta zama hira, hira ta zama abin da ta zama. Ɗan ƙauye ne daga can gabas inda shanu suka fi mutane yawa, aiki ya kawo shi birni, ya samu ɗan ƙaramin gida a benen ya shiga, bai ma san akwai wata gaba a ƙasa ba.

Doka ba ta ce sai uwa ta yarda ba. Ƙawayen Mirte sun sha gaya mata haka: "Ke fa ba yarinya ba ce! Ku je ofis ku sa hannu, in ta huce ta biyo ku." Amma Mirte ita kaɗai Nel ta haifa, kuma tun da mahaifinta Arie ya rasu su biyu suka rage a duniya. Ba za ta iya tsayawa ranar aurenta ta waiwaya ta ga kujerar uwarta babu kowa ba. Rabuwa da Jochem kuma ko tunaninsa ta yi sai ƙirjinta ya riƙe.

Washegari Jochem ya jingina kekensa a cikin jirgi ya hau inda take tuƙi.

"Yaya? In zo?"

"Kada ka zo."

Ya cire tabaransa ya goge. "Mirte, sai yaushe? Dusar ƙanƙara ta zo ta tafi, ga bazara za ta wuce. Matar nan ko muryata ba ta taɓa ji ba, amma ta yanke mini hukunci."

"Matar nan uwata ce, ka iya bakinka!"

"Sori. Ba haka nake nufi ba."

"Na sani." Ta sauke numfashi, idonta a kan ruwa. "Asabar mai zuwa za mu tashi. An ba ta ɗan akurkin gida a ƙarshen layin bas, ko kwata ba a gani balle kogi. Ka bari ƙurar nan ta lafa. Ka yi haƙuri, don Allah, kada ka yi komai."

Ya ce to. Amma "kada ka yi komai" magana ce da kunnen mai so ba ya riƙewa.

Ana cikin haka wakilin kamfani ya zo duba gida, wani saurayi mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Ya zaga ɗakuna, ya dawo falo ya ƙwanƙwasa ƙasa da takalminsa.

"Wannan katakon ba namu ba ne ko?"

"Mijina ya shimfiɗa shi," in ji Nel, da alfahari. "Murafen wani tsohon jirgin dakon kaya ne. A kafaɗarsa ya kwaso su."

"To sai a ɗaga shi. Yadda aka karɓi gida haka ake mayar da shi, siminti tsirara."

Mirte ta zaro ido. "Gidan da za ku rushe?"

"Ƙa'ida ce, 'yar'uwa. Ba ni na yi ta ba."

Haka abin yake a ƙasar nan, mai haya da daɓensa yake tashi, amma a ce a share gida don katafila ta zo ta same shi tsaf, wannan ko mu da muka saba sai da muka riƙe baki. Nel ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi dama ko sun roƙe ta ba za ta bar musu guntun katakon Arie ba.

A Teerkade tun kaka da kakanni ba a taɓa biyan wani ya kwashe kayan wani ba. Mai tashi ya dafa babbar tukunyar miyar wake, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki, ya yanka baƙin burodi, maƙwabta su zo su ɗauka, a ci a watse. Motar 'yan kwasar kaya ba ta shiga layin sai gida biyu: gidan wanda ya mutu ba shi da kowa, da gidan wanda layi ya juya wa baya saboda mugun hali. Nel kanta ta ɗauki kayan rabin layin nan a bayanta. Don haka tun Juma'a ta jiƙa wake, tana ta lissafa waɗanda za su zo tana murmushi, karo na farko a watanni.

Asabar da safe, ana yayyafi, sai ga ƙarar babbar mota. Mirte ta leƙa ta taga, gabanta ya faɗi. Ƙatuwar mota ce mai launin ruwan goro ta toshe layi, ƙarti sanye da riga iri ɗaya suna dirowa, ga Jochem a gefe riƙe da kekensa, fuskarsa cike da farin ciki kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Kafin Mirte ta kai ƙofa Nel ta riga ta.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ina kwana, Mama," in ji Jochem, yana ɗan rusunawa. "Ni ne Jochem. Na ga aikin zai yi muku yawa, shi ne na ce bari in ɗauke muku. Ba sai kun ɗaga ko cokali ba, na riga na —"

"Ka riga ka me?" Muryarta ta yi ƙasa, Mirte kuwa ta san wannan ya fi ihu haɗari. "An gaya maka ba ni da mutane? Ko cewa aka yi layi ya kore ni? A gidan nan aka wanke ni ranar da aka haife ni, yau ɗan bene ne zai kawo mini motar marasa gata a gaban kowa?"

"Wallahi ban san —"

"Ina za ka sani! Ku ai haka kuke, komai waya za ku danna a zo a yi. Kun sayi ruwa, kun sayi iska, yanzu mutuncina ya rage ku saya? Ku kwashe tsiyarku ku bar mini layi!"

Ƙartin suka dubi juna, suka hau motarsu ba musu. Gwaggo Dien ta gidan kusa, wadda ita ma kwananta a layin ya kusa ƙarewa, tana bakin taga tana girgiza kai. Nel ta juya ta dubi 'yarta, idonta jawur.

"Kin ga zaɓinki ko? To ki zaɓa da kyau. Ko ni ko shi."

Ta shige ciki. Mirte ta tako har gaban Jochem.

"Me na ce maka? Me na ce maka a jirgi?"

"Taimako nake so in yi, Mirte."

"Da muguwar rawa gara ƙin tashi! Wata da watanni ina lallaɓa ta, ka zo ka rusa mini cikin safiya ɗaya. Ka tambaye ni mana! Bakina ciwo yake yi?" Hawayen da ta daɗe tana riƙewa suka zubo. "Tafi kawai. Don Allah tafi."

Ta koma ciki ta bar shi tsaye cikin yayyafi.

Miya ta nuna, ƙamshinta ya cika gida. Nel ta jera kwanuka a kan tebur, ta ja kujera kusa da ƙofa tana jira. Kawu Teun, abokin aikin Arie, wanda bayansa ya daɗe da lanƙwashewa, ya iso da tsohuwar motar ɗan'uwansa da ya aro. Gwaggo Dien ta shigo tana dogara sandarta. Daga nan shiru.

Sai waya ta fara ƙara. Wannan ya ce daga inda aka jefa su sai ya canja bas har sau nawa, ga ƙafa ba lafiya. Wancan ya ce an sa shi aikin Asabar. 'Ya'yan gidan ƙarshe, waɗanda Nel ta yi wa goyo, suka ce yara ba wanda zai riƙe musu, da can maƙwabta ke riƙewa. Ba ƙarya suka yi ba ko ɗaya, abin da ya fi ciwo ke nan. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma an raba ta da hanya.

"Za su zo," in ji Nel. "Ruwa ne ya tsare su."

Mirte ta naɗe hannun riga ta kama aiki. Ta kinkimo akwati ta nufi mota, tana fita ta yi turus. Jochem bai tafi ba. Yana tsaye a gefen dakali, jiƙe sharkaf, ya jingina keken a bango. Hannu kawai ya miƙo. Ta harare shi, ta ji nauyin akwatin na neman tsinke mata kafaɗa, ta sakar masa.

Haka aka yini. Ƙafarsa ba ta taɓa dakalin ba. Abin da aka miƙo ta ƙofa ko ta taga ya karɓa ya kai mota, ya dawo ya tsaya inda yake. Kujeru, katifu, tukwanen fure, tsohon keken ɗinki mai nauyin tsiya. Tabaransa ya yi ta cika da ruwa har ya cire ya sa a aljihu, yana lalube kamar makaho. Nel na ganinsa ta taga, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Nel," in ji Gwaggo Dien tana nannaɗe kofuna a jarida, "yaron nan fa zai kamu da ciwon haƙarƙari a ƙofarki."

"Ni na kira shi?"

"Ba ki kira shi ba. Waɗanda kika kira fa, suna ina?"

Nel ta murguɗa baki ta shige kicin.

Da rana ta karkata kaya suka ƙare, saura daɓe. Arie bai yi aikin wasa ba, da ƙusoshin jirgi ya kafe katakon, kowace kamar yatsa. Kawu Teun ya durƙusa da ƙarfen ɓamɓara, ya danna sau ɗaya, ya danna na biyu, sai ya saki ƙara ya dafe ƙugu.

"Wayyo bayana! Arie, ko a kabari ba ka daina ba ni wahala ba!"

Da ƙyar aka zaunar da shi a kan akwati. Mirte ta karɓi ƙarfen. Ta ɗaga katako ɗaya, na biyu ya tsage mata tafin hannu, jini ya ɗiga. Ta ci gaba, tana dannawa tana kuka, ba kukan ciwo ba, kukan haushin kowa da kowa: kamfani, maƙwabta, Jochem, uwarta, har da ubanta da ƙusoshinsa. Ga falo faɗi guda, ga Litinin za a karɓi makulli, abin da ya rage kuma katafila ce za ta haɗa da bulo.

Nel ta tsaya a kanta tana kallo. Ta dubi tukunyar miya da ba a taɓa ba, ta dubi kwanukan da ta jera. Can ta juya ta nufi ƙofa, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kai! Malam mai keke!"

"Na'am, Mama."

"Ka iya riƙe ƙarfe, ko alli kaɗai ka sani?"

"A gona na tashi, Mama. Amma an ce kin rantse ba zan taka gidanki ba. Ba na so in sa ki kaffara."

"Gidana?" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Kana ganin gado a ciki? Kana ganin labule? Wannan ai gidan kamfani ne. Shigo ka cire mini katakon mijina, kuma in ka fasa ko ɗaya sai na fasa kanka."

Ya shigo. Ya ɗaure wa Mirte hannu da hankicinsa tukuna, sannan ya durƙusa. A hankali ya bi katakon, yana lallashin kowace ƙusa har ta fito, Kawu Teun na zaune yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Kafin duhu ya shiga siminti ya bayyana tsirara, yadda kamfani ke so, gwiwoyin wandon Jochem sun huje duka biyu.

Nel ta zuba miya ta tura masa kwano ba tare da ta dube shi ba. Ya shanye, ta ƙara. A na uku ya ce ya ƙoshi.

"Ba a ƙoshi a gidana. Tukunyar mutum nawa ka ga na dafa?" Ta zauna a kan tarin katakon tana shafa shi da tafin hannu, muryarta ta sauko. "Akurkin da suka ba ni ko rabin wannan ba zai ci ba. Ban san inda zan kai sauran ba. Kai me ka shimfiɗa a naka? Marmara ko?"

"Ba komai, Mama. Siminti ne yadda na same shi. Na ce ba zan shimfiɗa ba sai matar gida ta zo ta zaɓa."

Kawu Teun ya yi tari. Gwaggo Dien ta ƙura wa silin ido. Mirte ta sunkuyar da kai.

"Matar gida ba ta da zaɓi," in ji Nel. "Jikokina ba za su yi rarrafe a kan siminti ba. Gobe ka zo ka kwashe rabi. Da hannunka fa, kada in ga mota mai ruwan goro!"

Mirte ta faɗa jikin uwarta tana kuka, Nel na ture ta tana cewa za ta shafa mata jini a riga, alhali ita ma hawayen ne ke bin kumatunta.

An ɗaura aure da kaka, Nel na zaune a kujerar gaba da hular da ta ajiye tun bikinta. Amma zuwa benen sai da aka kai ruwa rana. Yau ta ce ƙafa, gobe ta ce ba ta yarda da akwatin da ke hawa da mutane sama ba. Mirte ba ta matsa ba, ta riga ta koyi jira. Ran nan da kanta ta ce a zo a ɗauke ta.

Ta shiga falon ta tsaya, ta cire takalmi ta taka katakon da safa, ta ɗan daddanna shi da diddige ta ji ko yana ƙara. Bai yi ba. Sannan ta taka a hankali zuwa babbar tagar gilashi. Ga kogi shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ga jirgin fito kamar ɓawon gyaɗa. Can ƙasa, inda Teerkade take, ba komai sai jan fili da katafila ɗaya a tsaye.

Mirte ta matso ta riƙe mata hannu.

"Ashe daga nan haka muke, 'yan mitsi-mitsi," in ji Nel. "Shi ya sa ba su gan mu ba." Ta share ido da bayan hannu, ta juya wajen surukinta. "Kai da ka sauko ka gani, ɗora mana ruwan kofi. Baƙi, ba kumfa."

Layin dai ya tafi, haƙurin Mirte bai dawo da bulo ko ɗaya ba, kuma har gobe in na bi ta wurin sai raina ya ɓaci. Amma ta samu mijinta ba ta rasa uwarta ba, da ta yi gaggawa kuwa da ɗaya za ta riƙe. Ku masu so, ku sani zuciyar iyaye ba a aika mata ɗan aike, da ƙafa ake zuwa, a tsaya a bakin ƙofa ko ana ruwa har a ce shigo. Ku kuma iyaye, in an cuce ku, ku duba da kyau kafin ku rama, kada duka ya sauka a kan wanda ya zo taya ku ɗaukar kaya.